Shirya ɗan judo a makonni shida kafin gasa

Fara da sikeli. Azuzuwan nauyi na maza kilo 60 ne, 66, 73, 81, 90, 100 da sama da 100. Na mata daga 48 zuwa sama da 78. In yaronka ya haura ajinsa da kilo uku, ya sauke rabin kilo duk mako ta rage tuwon dare da lemon kwalba. Kada ka bari ya naɗe jiki da leda yana gudu a zafin Kaduna na watan Maris. Ruwa kawai zai zubar, yatsunsa kuma su saki riga tun minti na biyu. In kilo biyar ne, kai shi aji na gaba.

Babban aikin yana wajen riƙo. Wanda ya riga kama kwala da hannun riga shi ke juya wasa, don haka ware minti 15 kullum ana gwagwarmayar riƙo kawai, ba kayarwa. Yaran da suka taso da kokawar gargajiya suna da ƙarfin ƙugu, amma hannunsu ya saba zuwa ƙafa. A judo wannan shido ne, wato hukuncin ƙaramin laifi, shido uku kuma an kori ɗan wasa. Baki ba ya gyara wannan. Duk sanda hannu ya sauka, tsayar da wasa a sake daga farko.

Dabara biyu ta ishe shi, ɗaya ta gaba kamar seoi-nage (jifa ta kan kafaɗa), ɗaya ta baya kamar ouchi-gari (kwashe ƙafar abokin karawa ta ciki), a ɗaure su wuri guda. Uchikomi, wato maimaita shiga dabara ba tare da kayarwa ba, 100 ga kowacce, amma in bai fara gusar da abokinsa daga kan ƙafafunsa ba, ƙidaya ce kawai.

Randori, wato karawar atisaye, ya zama minti 4, tsawon wasan manya, zagaye shida da hutun minti 2. Sau ɗaya a mako a bar su su wuce lokaci sai wani ya ci, don ƙarin lokaci a gasa ba shi da iyaka. Bayan kayarwa ya bi shi ƙasa nan take: danne abokin karawa daƙiƙa 20 ippon ne, wato cin wasa kai tsaye.

Da hunturu a goge tatami, wato shimfiɗar wasa, da ɗanyen tsumma kafin atisaye, ƙura na sa santsi. Makon ƙarshe a rage aiki da rabi, a yanke farce, a gwada farar riga da shuɗiya.