Yadda za ka ɗaga buhu ba ka ji wa bayanka ciwo ba

'Yan uwana masu dako a Mile 12 da Agege na Legas, wallahi abin yana damuna in na ga matashi ya sunkuya ƙafa a miƙe ya fizgi buhun shinkafa mai kilo 50. Masu binciken motsin jiki sun auna, naman da ke riƙe gadon baya kusa yake da ƙashin, kamar santimita 5 kawai, to in kaya ya yi nisa da cikinka dole naman ya ja ninkin nauyin sau da yawa, kuma guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu shi ke shan matsin.

Don haka matso da buhun har ya taɓa ƙafarka. Buɗe ƙafafu, durƙusa, ɗaure ciki, sai ka tashi da ƙarfin cinya a hankali, banda fizga. In za ka juya ka juya da ƙafa, kar ka murɗa ƙugu da kaya a hannu.

Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata a wurin aiki, kilo 23 ta ba da shawara a matsayin iyakar abin da mutum ɗaya zai ɗaga, shi ma in komai ya daidaita, don haka in buhu mai kilo 50 ne kira ɗan uwa ya kama maka, ko ku sa a baro.