Yadda Za a Kare Rijiyoyin Sakkwato Kafin Masu Haƙar Mai Su Iso

Tun da ake maganar neman mai a kwarin Sakkwato, ya kamata mu san hanyar haƙar da ake tura ruwa da yashi da sinadarai cikin ƙasa da tsananin ƙarfi don a tsattsaga dutse, iskar gas ta fito. A Dimok ta jihar Fensilbaniya a Amurka, iskar gas ta shiga rijiyoyin gidaje a 2009, kuma Faransa ta haramta wannan hanya a 2011.

Abu na farko, kuma a ganina mafi muhimmanci, shi ne a gwada ruwan kowace rijiya da burtsatse tun kafin a kafa injin ko ɗaya. A ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta, a rubuta ranar da zurfin rijiyar, a kai ɗakin gwaji a auna gishirinsa da iskar gas ɗin da ke cikinsa, sannan a ajiye takardar sakamakon wurin mai unguwa, domin ba tare da ita ba, babu hujjar cewa ruwan ya canza.

Bayan haka, a nemi ganin rahoton tasirin aikin ga muhalli, wanda dokar Najeriya ta 1992 ta wajabta. A tambayi yadda za a lulluɓe bututun haƙar da siminti, da inda za a zubar da gurɓataccen ruwan da ke dawowa, musamman kusa da fadamar Rima.

Idan ruwan guga ya fara kumfa, ko ɗanɗanonsa ya koma na gishiri, a daina sha nan take, domin tafasawa ba ta cire gishiri.