Yadda ake samun rajista da lasisin koyarwa na TRCN

Duk lokacin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ko hukumar ɗaukar malaman sakandare ta wata jiha ta fitar da sanarwar ɗaukar aiki, sai ka ga masu NCE, wato takardar shaidar kwalejin ilimi, da masu digiri sun yi cincirindo a ofishin TRCN, hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, kowa na neman a ba shi takardar rajista kafin a rufe karɓar sunaye. Ba a samun ta haka. Tun 2017 sai ka zauna jarrabawar cancanta ka ci kafin a yi maka rajista, kuma jarrabawar tana da lokacinta, ba kullum ake yin ta ba. Saboda haka ka fara neman lasisi tun ba a buɗe ɗaukar aiki ba.

TRCN hukuma ce ta gwamnatin tarayya da aka kafa da doka ta 31 ta shekarar 1993, kuma ita ke da ikon tantance wanda ya isa a kira shi malami, daga makarantar rainon yara har jami'a, ta gwamnati ko mai zaman kanta. Jihohi su ke ɗaukar malami, su biya shi, su tura masu duba aikinsa, amma lasisin daga wannan hukuma yake fitowa. Tana da ofishi a kowace jiha, kuma nan za ka nufa, ba sai ka je Abuja ba.

Da farko ka duba takardar da ke hannunka. Rukuni huɗu ne. Mai NCE yana rukunin D, kuma NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da aka yarda a koyar da ita a Najeriya. Mai digirin farko a fannin ilimi yana C, mai digiri na biyu B, mai digirin digirgir A. Wanda ya karanta lissafi zalla ko kimiyyar sinadarai ko ya yi HND, komai ƙwarewarsa, sai ya ƙara da difloma ta koyarwa, wato PGDE ko PDE. Jami'o'i da dama suna yi, haka ma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, wadda ke da cibiyoyin karatu a jihohi. Ni dai shawarata ga mai aiki ya yi ta NTI ko ta jami'ar gwamnati mafi kusa da shi. Kada arhar kuɗi ko alkawarin gamawa da wuri su ja ka zuwa wata cibiyar bayan layi. Kwalejojin ilimi hukumar NCCE ce ke amincewa da kwasa-kwasansu, jami'o'i kuma NUC. Idan babu amincewar, takardarka ba za ta wuce teburin tantancewa ba, kuma kuɗinka da shekararka sun tafi.

Sai haɗa takardu. Ka jera su a tabarma ka karanta sunanka a kowace ɗaya. Mu a Arewa wannan na cin mu sosai: a takardar sakandare Muhammad, a ta kwaleji Mohammed, a katin ɗan ƙasa kuma an ƙara sunan gari. Mata kuma wata ta koma amfani da sunan miji bayan aure. Ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun kafin ka cike fom, ka tabbata ranar haihuwa ɗaya ce ko'ina. Kuɗin jarrabawa ya danganta da rukuninka, kuma ta Remita, wato hanyar biyan kuɗi ta intanet, ake biya zuwa asusun gwamnati. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum don ya ce yana da hanya a ciki. Idan a shagon intanet za a cike maka, ka zauna kusa da mai cikewar, ka ba da lambar wayarka da imel ɗinka na kanka, kada ya sa nasa. Ka adana rasit ɗin, ka kuma ɗauki hotonsa a waya.

Yanzu ga inda na fi ganin mutane suna faɗuwa, wato jarrabawar kanta. Abu biyu ne ke kayar da su, kuma babu ɗaya da ya shafi rashin ilimi.

Na farko, kwamfuta. A kan kwamfuta ake rubuta jarrabawar, irin yadda ake yin ta JAMB. Na ga malamin da ya daɗe yana koyarwa a firamare, ɗalibansa sun zama manya, amma ya zauna gaban allon yana zufa saboda hannunsa bai saba da linzamin kwamfuta ba. Ya danna amsa bai san ko ta shiga ba, ya koma baya ya ɓata, lokaci kuma na tafiya a kusurwar allo. Iya shafa waya ba ya wadatarwa. Ka samu cibiyar da ɗalibai ke gwajin JAMB, ka biya ɗan abin da ake biya na awa ɗaya, ka yi ta zuwa har hannunka ya saki. Ka koyi shigar da lambarka, zaɓar amsa, wucewa gaba, dawowa kan tambayar da ka tsallake. Abu mafi muhimmanci, ka gane maɓallin miƙa aiki, domin idan ka danna shi ka tabbatar, an gama ke nan ko da tambaya goma kacal ka amsa. Hajiya, idan ke ce, kada kunya ta hana ki sa ɗanki ko ƙaninki ya zauna da ke ya nuna miki.

Na biyu, karanta abin da ba shi za a tambaya ba. Mai digirin kimiyya sai ya kwana yana bitar darasinsa, alhali jarrabawar sana'ar koyarwa take aunawa. Ka kakkaɓe littattafan darussan ilimi da ka yi a kwaleji: dabarun koyarwa, yadda yaro ke koyo, tsara darasi, auna fahimtar ɗalibi, tafiyar da aji, ɗa'ar aikin malanta da kare yara daga cutarwa. Ka haɗa da Turanci, lissafi na yau da kullum da sanin kwamfuta. Ka nemi manhajar jarrabawar ta yanzu daga ofishin jiha ko shafin hukumar, domin akan sabunta ta. Tsofaffin tambayoyin da ake sayarwa a bakin makarantu suna da amfani wajen sabawa da salon tambaya, amma kada ka haddace amsoshinsu, wasu ma kuskure ne. Da Turanci ake tambayoyin, kuma sau da yawa amsoshi biyu kan yi kama da juna, kalma ɗaya ce ta raba su. Ka karanta tambaya sau biyu. Wadda ta gagare ka ka wuce ta, ka dawo daga baya, amma kada ka bar ko ɗaya babu amsa. Rabin maki ake nema a ci. Wanda ya faɗi zai iya sake zama a zagaye na gaba, sai dai zai sake biya, ya kuma sake jiran watanni.

Ranar jarrabawa ka isa da wuri da takardar shiga da katin shaida. Idan cibiyar tana babban birnin jiha kai kuma kana ƙauye, gara ka kwana a garin.

Idan sakamako ya fito ka ci, sai ka koma ka biya kuɗin rajista da na lasisi. Takardu biyu ne daban, mutane na rikita su. Takardar rajista sau ɗaya ake ba da ita, da lambarka a jiki. Lasisi kuwa ana sabunta shi duk shekara uku, ga kuma kuɗin shekara-shekara. Ka riƙa adana shaidar duk wata bita da ka halarta, ta SUBEB ce ko ta NTI, domin ci gaba da neman horo yana cikin sharuɗɗan zama malami mai lasisi.

Kada kuma ka ɗauka lasisi ya rufe bakin jiha. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar gwaji, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya, aka sallame su. Jiha na iya auna ka a duk lokacin da ta ga dama, masu duba makarantu kuma za su nemi tsarin darasinka da rajistar ɗalibai ba tare da sun tambayi lambar TRCN ba. Hukumar ita ma tana da kwamitin bincike da na ladabtarwa da ke iya soke rajistar wanda aka kama da laifi kamar cin zarafin ɗalibi ko maguɗin jarrabawa.

Mai niyyar koyarwa a waje kuwa, kamar Ingila da ta buɗe wa malaman Najeriya ƙofar neman shaidar koyarwarta a 2023, zai buƙaci wasiƙar tabbatar da matsayinsa daga TRCN, kuma kafin ya nema sai ya tabbata lasisinsa bai ƙare ba, babu kuma bashin kuɗin shekara a kansa.