Kurakuran da ke Kashe Waƙa Tun Mai Ita Yana Raye

Duk wanda ya taɓa zama a shagon masu tura waƙoƙi a waya a kewayen kasuwar Wunti da ke Bauchi ya san wani abu da mawaƙan zamani ba su cika son a faɗa ba. Waƙar da aka yi rububinta bara, bana sai mai shago ya yi lalube kafin ya gano inda ta shige a kwamfuta, alhali ba a rasa mai zuwa ya ce a zuba masa Shata ko Ɗanƙwairo ko Ɗanmaraya. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗanmaraya a 2015, kuma da yawa daga masu neman waƙoƙinsu ba su taɓa ganin su ido da ido ba. Akan ce baiwa ce, kuma ba mai musun baiwa, sai dai yawancin abin da ke kashe aikin matasanmu ba rashin baiwa ba ne, kurakurai ne waɗanda ake iya ganewa a gyara tun kafin a shiga sutudiyo.

Babban cikinsu shi ne ɗaure waƙa a jikin rana guda. An fi ganin wannan a waƙoƙin siyasa da na biki, inda mawaƙi zai kwashe minti bakwai yana jero sunan ɗan takara da na mataimakinsa da na shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma da na duk wanda ya ba da kuɗin sutudiyo, ba tare da ya faɗi magana ko ɗaya da za ta amfani wanda bai san mutanen nan ba. Da zarar an kammala zaɓe, ko uban gidan ya sauya sheƙa, waƙar ta zama abin kunya ga mai ita. Wani zai ce ai Shata da Ɗanƙwairo ma yabon mutane suka yi, kuma gaskiya ne, amma a saurare su da kyau za a ji cewa sunan wanda ake yabo ƙofa ce kawai. Da an shiga sai a tarar da bayanin halin ɗan Adam, da asalin gida da tarihinsa, da karin magana, da habaicin da kowa zai iya ara ya jefi nasa abokin gaba, shi ya sa wanda bai san mai waƙar ba ma yake samun rabonsa a ciki. Mu a Bauchi muna da misali a gida. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya rubuta "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya" a kan rigimar siyasar zamaninsa, kuma mutanen da ake jayayya da su a lokacin duk sun shuɗe, amma ana karanta waƙar a makarantu har yau domin abin da ya tattauna shi ne mulki da adalci da jahilci da makomar al'umma. Gyaran nan yana da sauƙin gwadawa: mawaƙi ya ɗauki takardar waƙarsa ya soke kowane suna da ke ciki, sa'an nan ya karanta abin da ya rage. Idan sauran bai kai baiti biyu masu ma'ana ba, to talla ya rubuta, kuma babu laifi a karɓi kuɗin talla muddin an san ba ita za a bar wa 'ya'ya ba.

Kuskure na biyu ya zo mana ne tare da kiɗan fiyano. A yau yaro yakan je sutudiyo hannu rabbana, mai haɗa kiɗa ya kunna masa wani kiɗa da ya riga ya shirya, sai ya shiga cusa kalmomi domin su cike gurbi, abin da ya rage kuma injin gyaran murya ya rufe masa asiri. Irin wannan waƙa ba ta da rai sai a cikin sifika, kuma salon kiɗan sutudiyo yana tsufa da sauri ƙwarai, har mai sauraro yakan gane shekarun da aka yi waƙa daga jin sautin fiyanonta kawai. Ban ce a yar da fiyano a koma kalangu dole ba, domin kowane zamani da kayan aikinsa, kuma akwai matasan da ke haɗa kukuma ko gurmi da na'ura su fitar da abu mai daɗi. Abin da nake cewa shi ne a gina waƙar tukuna, sa'an nan a nemo mata kiɗa. Mawaƙi ya rera ta da baki kawai, ba kiɗa ba tafi, a gaban mutum biyu ko uku da ba sa jin kunyarsa, ya duba ko za su iya karɓar amshin bayan sun ji shi sau biyu. Makaɗan fada sun san cewa gindin waƙa, wato amshin da ake ta maimaitawa, shi ne ke riƙe ta, shi ya sa suke ɓata lokaci a kansa fiye da kowane ɗa, wato baitin da za su ɗora. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sun kai ƙauyuka masu nisa ne a bakin 'yan taru, wato mata almajiranta, da jagororinsu da ake kira jaji, ba rediyo ba kaset, domin an tsara su yadda mace za ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Waƙar da ba za ta iya zama a bakin wani ba tare da mai ita ba, da wuya ta wuce zamaninta.

Daga nan sai maganar harshe, kuma a nan ne na fi jin takaici. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, ta yadda garin da ake zama a ciki daban yake da garin da ake tuƙa tuwo da shi, kuma baban da ya haifi mutum daban yake da baban da ake rini da shi, ko da yake rubutunsu ɗaya ne a boko. Idan aka aro launin waƙar Indiya ko ta Turawa aka tilasta wa kalmomin Hausa su bi shi, sai a ja gajeren wasali a gajarta dogo, a ɗaga muryar da ya kamata ta sauka, har dattijo ya saurara ya kasa gane abin da ake faɗa. Haka nan tilasta amsa-amo: mawaƙi ya ƙulla baitinsa na farko da "ni" ko "wa", sai ya bi ya tattaro duk kalmar da ta ƙare da haka ko ba ta da alaƙa da jigon. Maganin wannan ba ya cikin sutudiyo. Yana cikin zama da tsofaffi a zaure, da sauraron yadda mahauta da dillalai da matan gida suke sarrafa magana, da karanta rubutattun waƙoƙi irin na Aƙilu Aliyu da Mu'azu Haɗeja da Aliyu Namangi domin kunne ya saba da kari, ya san inda ɗango, wato layin baiti, ya karye. Wanda ya tashi a Katagum ko Misau ko Gombe kada ya ji kunyar Hausar garinsu ya koma kwaikwayon ta finafinai, domin makaɗan ƙasar Sakkwato da Zamfara ba su bar karin harshensu ba, kuma shi ne gishirin waƙoƙinsu.

Kwaikwayon muryar magabata ma kuskure ne, ko da yake da kyakkyawar niyya ake yin sa. Duk mai ƙoƙarin yin murya irin ta Shata, Shata zai riƙa tuna wa mutane, su koma su nemi na asali. Abin koyi a wurinsu shi ne hanyar aiki: yadda suke nazarin mutum kafin su yi masa waƙa, da yadda waƙa ɗaya take shekaru ana rera ta a fage daban-daban, ana zubar da ɗiyan da ba su karɓu ba ana ƙara sababbi, kafin a ɗauke ta a faifai. Mu kuwa yau da daddare ake rubutawa, gobe a ɗauka, jibi a sake ta a TikTok. Ko mako biyu aka ajiye waƙa aka dawo mata, mai ita da kansa zai ga baitocin da ya kamata ya soke.

Sauran kurakuran ba su shafi fasaha ba, sun shafi adana, kuma su ne suka fi ɓarna domin suna halaka har aikin da ya yi kyau. Wani matashi da na sani, mai waƙoƙin bege masu daɗi, ya zo mini wata rana ransa a ɓace ya ce, "Malam, kwamfutar sutudiyon da nake aiki ta lalace, kuma mai wurin ya ce babu abin da ya tsira." Aikin shekara huɗu ne, kuma abin da ya rage masa shi ne kwafin da ya yi ta yawo a WhatsApp har sautinsa ya dushe. Ya kamata kowane mawaƙi ya sani cewa kwafin MP3 an riga an rage masa nauyi ta hanyar zubar da wani ɓangare na sautin, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Ranar da aka gama aiki, a karɓi kwafin asali, wanda 'yan sutudiyo ke kira masta, a tsarin WAV wanda ba a rage wa sautinsa komai ba, tare da muryar daban da kiɗan daban, domin idan salon kiɗan ya tsufa a iya ɗora muryar a kan sabo. A ajiye shi a wuri uku: a ma'ajiyar kwamfuta ta waje da ke gida, da wata a hannun ɗan'uwa a wani gida, da kuma ma'ajiyar intanet. Katin waya ba wurin ajiya ba ne. Masu tsofaffin kaset na iyayensu su ma su hanzarta a juye su zuwa kwamfuta, domin zafi da ƙura irin namu suna cin zaren kaset, kuma rediyon da ke juya shi sai ƙara wuya yake yi.

Tare da sautin a rubuta baitocin a takarda, a sa sunan mai waƙa da na 'yan amshi da na makaɗa, da gari da shekara da dalilin yin ta. Malamanmu na da sun riga mu sanin wannan, shi ya sa sukan rufe waƙa da ambaton sunansu da kuma ramzi, wato haruffan da idan aka lissafa ƙimarsu za su ba da shekarar da aka yi ta. Ana kuma bukatar yarjejeniya a rubuce tsakanin mawaƙi da mai sutudiyo da wanda ya ɗauki nauyi, ko da kuwa abokai ne tun na ƙuruciya. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba waƙa kariya tsawon rayuwar mai ita da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50, sa'an nan ta ce miƙa haƙƙin ga wani ba ya tabbata sai da shaida a rubuce. Wannan dukiya ce da magada za su ci, amma idan babu takarda, rigima za a bar musu.

Masu aikin hannu ma suna da nasu rabon a wannan magana. Maɗinkin da ya kwashe watanni yana aska takwas da zaren da ke zuba a wankin farko ya yi asarar idonsa, haka mai zayyana da ya bar tawadar ƙaro ya koma alƙalamin kanti wanda launinsa ke gushewa a rana, haka mai zanen bango da ya shafa fenti a kan danshi. Kayan aiki mai kyau yana da tsada, amma shi ne rabin ƙarkon aiki, ɗaya rabin kuma kulawa ce. A Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, akwai gidan Madaki wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ya gina a ƙarni na 19 da tubali da azara, kuma yana cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. Ginin ƙasa, komai gwanintar magininsa, yana tsayawa ne idan ana sabunta masa yaɓe ana gyara indararo kafin damina, kuma hakan yana bukatar a samu wanda ya iya kwaɓa makuba, wato haɗin yaɓen gargajiya, a kowane zamani. Kuskuren da nake gani a wurin gwanayenmu na yanzu, masu waƙa da masu sana'a duka, shi ne rowar sani saboda tsoron kada yaro ya fi su. Makaɗan dauri sukan yi shekaru da 'yan amshinsu har su haddace musu kowace waƙa, kuma daga cikinsu ake samun magaji. Mawaƙin sutudiyo kuwa yakan yi amshinsa da kansa a na'ura, ya tashi ba wanda ya san waƙarsa ciki da bai. Wanda ya shekara goma a sana'a ya kamata a ce yana da yara biyu ko uku da ke zama da shi lokacin da yake tsara baiti ko yake zana ƙirjin riga, yana nuna musu abin da ya soke da dalilin soke shi, yana kuma barin su su rera tsofaffin waƙoƙinsa a bikin da shi bai samu zuwa ba.