Yadda Ake Kare Hotuna da Nagatif Daga Gobara

Akwatin ƙarfe da aka yi don kare takardu daga gobara ba ya wadatar da nagatif, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi, domin takarda tana jure zafin da fim ba zai iya jurewa ba. A nemi irin wanda cikinsa ba ya wuce digiri 52 a ma'aunin Salshiyas ko da ana gobara, kuma a ajiye shi nesa da janareta, gas da fetur.

Tsohon fim na nitiret (wani sinadari mai saurin kama wuta), wanda kamfanin Kodak ya daina yi a farkon shekarun 1950, shi ne mafi haɗari: idan ya kama, ruwa ba ya kashe shi da sauƙi, saboda haka a ware shi dabam a wuri mai sanyi.

A kwafe hotunan a kwamfuta, a ajiye kwafi ɗaya a wani gidan.