Yadda za ka saurari Calculating Infinity kunnenka bai guje shi ba

Kada ka kunna wannan kundin waƙoƙi a cikin adaidaita sahu, kada kuma ka dogara da lasifikar waya. Nemi abin sawa a kunne mai rufe kunnen ruf. Akwai su a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, amma ka gwada kafin ka biya, don in ba ya fitar da sauti mai kauri, rabin kiɗan ya tafi. Ni sai dare ya yi nake ji, bayan janareton maƙwabcinmu ya yi shiru.

Kundin na ƙungiyar makaɗa The Dillinger Escape Plan ne, 'yan New Jersey a Amurka, kamfanin Relapse ya fitar da shi a 1999. Waƙoƙi 11 ne, duka ba su cika minti 40 ba. Gudun da hargowar ya gajo su daga grindcore, salon da makaɗan Napalm Death na Birmingham a Ingila suka share wa hanya da kundinsu Scum a 1987. Abin da ya sa ake ce wa salon kundin mathcore kuwa, lissafin bugun ne: kafin ƙafarka ta kama shi, ya sauya.

Fara da waƙar "43% Burnt". Ka rabu da muryar mawaƙinsu Dimitri Minakakis tukuna, ihu ne, ko masu harshen sai sun karanta baitocin suke ganewa. Bi makaɗin ganga, Chris Pennie, kamar yadda kake bin kalangu a gidan dambe ba ka damu da hayaniyar 'yan kallo ba. Za ka ji ya tsaya cak, jita ta saki wani siririn sauti mai kama da jaz, kafin ka numfasa komai ya sake rufto maka. Kada ka ce sai ka ƙirga, wahalar banza ce a karon farko. Can ƙarshe akwai bugu guda mai nauyi da suke ta maimaitawa har ya dushe. Nan ne za ka samu wurin gyaɗa kai.

A ji na biyu, kasa kunne ga jitar bas, mai sauti mai kauri. Ben Weinman mai jita ne ya kaɗa ta, saboda mai kaɗa musu ita, Adam Doll, ya yi hatsarin mota da ya shanye masa ƙafafu kafin a shiga ɗauka.

Waƙa biyu ko uku sun isa a zama ɗaya. In kai ya ɗau zafi, tsallaka zuwa wadda aka sa wa sunan kundin, babu murya a cikinta. Ka kuma rage ƙarar, kunne ba ya da sifiya.