Kafin ku tafi kallon ruwan Athirappilly, ku laluba aljihu

Makon jiya, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wasu ƙannenmu uku suka kira ni daga garin Chalakudy. Watansu biyu kacal a Indiya. Sun je kallon ruwa, dare ya yi musu, sun zaga masauki huɗu, kowanne ya ce babu ɗaki. Na tambaye su abu ɗaya: ina fasfonku? Na farko ya ce nasa yana ofishin makaranta. Na biyu ya ce akwai hotonsa a waya. Na ukun bai ce komai ba. Raina ya ɓaci, don abin da ya same ni ke nan shekara shida da suka wuce, a wannan garin, kuma na sha faɗa a duk taron da muka yi da sababbin zuwa. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko Allah ya sa wani ya ji.

Gundumar Thrissur da ke jihar Kerala ita ce yawancinmu da ke zaune a kudancin Indiya muke fara leƙawa idan an sami hutu, kuma ta cancanta. Zuwa ba wuya. Daga Coimbatore jirgin ƙasa zai kai ka ta Palakkad, daga Kochi kuwa tsallake ɗaya ne. Ka sauka a Chalakudy, ka hau bas, kamar kilomita 30 ka iso Athirappilly. Abinci ma ba abin damuwa ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Kerala Musulmi ne, gidajen abincin halal ko'ina, kuma a nan ana cin naman shanu a fili, saɓanin wasu jihohin. Ka nemi porotta, wata irin gurasarsu, da nama, ka ci ka gode wa Allah. Ka riƙe tsabar kuɗi, don biya ta waya da ka ga kowa na yi yawanci sai mai asusun banki na ƙasar. Wannan duk cikin kwana biyu za ka koya.

Abin da ba a koya sai an sha wuya shi ne takardu.

A Indiya, duk wanda ya saukar da baƙo ɗan ƙasar waje, otal ne, ƙaramin masauki ne, ɗakin kwanan ɗalibai ne, ko mai gidan haya, doka ta ɗora masa ya cike wata takarda da ake kira Fom C, ya aika wa hukumar shige da fice ta intanet cikin awa 24. A ciki akwai lambar fasfonka, lambar bizarka, ranar da ka shigo ƙasar, inda ka fito da inda za ka. Kafin ya iya cikewa sai ya yi rajista da hukumar. Ƙananan masaukai da yawa ba su yi ba, ba su kuma son ɗawainiyar. To idan ka shigo da jakarka, mai masaukin ba zai tsaya yi maka bayani ba. Zai girgiza kai ya ce a cike suke, ga makullai kuwa rataye a bayansa kana gani.

Ba zan ɓoye muku ba, wani lokaci ba Fom C ba ne, fatarka ce da koren fasfonka. Akwai masu masaukin da suke da rajistar, amma da sun ji Najeriya sai fuska ta canza. Wannan yana da zafi, kuma na ɗanɗana. Amma sau da yawa mu ne muke ba su hujja da hannunmu. Wanda ya zo ba fasfo na asali, ba takardar izinin zama, ko mai masaukin waliyyi ne ba zai iya saukar da shi ba.

Ni ga yadda tawa ta kasance. Wanda ya shigo da bizar da ta wuce kwana 180, ta karatu ko ta jinya, sai ya yi rajista da ofishin rajistar baƙi, wato FRRO, cikin kwana 14 da saukarsa, su ba shi takardar izinin zama. Na yi wannan lafiya lau. Matsalar ta zo da na bar ɗakin makaranta na kama haya a gari. Mai gidan ya karɓi kuɗin ajiya na watanni, ya yi mini alkawarin Fom C, sai ya shiga yi mini gobe, jibi. Ni kuma kunya irin tamu ta hana ni matsa wa dattijo. Lokacin sabunta biza ya zo, aka nemi yarjejeniyar haya da Fom C da takardar shaidar ɗalibta daga makaranta, ni kuwa biyu kawai nake da su. Na shigar da buƙatar a makare, aka bar ni ina jira. A cikin wannan jiran ne abokai suka ce mu je Athirappilly mu huta, na biyo su da kwafin fasfo wanda bizar cikinsa ta riga ta ƙare a takarda, ban ko buga shaidar cewa na nemi ƙari ba.

Da yamma ruwan sama ya tsare mu, muka rasa motar komawa. Masauki na farko ya duba kwafin ya miƙo mini. Na biyu ya karɓi abokaina biyu ya ce ban da ni. Na uku ya ɗaga waya ya ce zai tambayi 'yan sanda, kuma ya tambaya. Na shafe awa uku a kan benci ina bayani da Turancin da jami'in ba ya so, shi yana magana da Malayalam da ban ji ko kalma ba. Ba a zage ni ba, ba a taɓa ni ba, amma ban taɓa jin na zama ba kowa ba irin na wannan daren. Wani babban yayanmu da ya daɗe a ƙasar ne ya tashi cikin dare ya turo shaidar buƙatata, ya yi magana da su, aka sallame ni. Na ƙarasa daren a tashar jirgin ƙasa, jikina a jiƙe, har aka kira asuba.

Saboda haka ku ji da kyau. Fasfo na asali a jikinka, cikin leda saboda ruwa. Takardar izinin zama a buge a takarda, ba a waya ba, don waya tana mutuwa kuma a dajin babu sabis a wurare da yawa. Idan bizarka tana hannun hukuma ana sabuntawa, ka buga shaidar, ko mafi alheri ka haƙura da yawon har ta fito. Ruwan ba zai ƙafe ba. Kafin ka biya kuɗin ɗaki ta manhaja, ka kira masaukin da bakinka, ka ce kai ɗan ƙasar waje ne, daga ƙasa kaza, suna cike Fom C? Wasu sun rubuta a ƙasan shafinsu da ƙananan haruffa cewa 'yan ƙasa kaɗai suke karɓa, ba wanda yake karantawa. Mai gidan haya kuma, kada ka ba shi ko rufi ɗaya sai kun gama maganar Fom C. Kunya ba ta da wuri a nan. Masu rakiyar marasa lafiya da ke cewa bari mu ɗan fita shan iska kafin a sallami Baba, ku ma wannan ya shafe ku.

Idan takardunka sun cika, to ka je ka ga ikon Allah. Kogin Chalakudy ne yake gangarowa daga duwatsun yammacin ƙasar, ya zo nan ya faɗo daga tsayin kamar ƙafa 80, a faɗi, fari fat. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya a Kano ko Zinder ya taɓa ganin wannan ruwan a talabijin bai sani ba. Daga ƙofa za ka taka zuwa samansa, sannan akwai hanya mai gangara zuwa gindinsa, inda feshin zai jiƙa ka kafin ka iso, ƙarar kuma ta hana ka jin na kusa da kai. Saukar daɗi, hawowar sai mai ƙarfin gwiwa. Kada a ja tsofaffi. Kuɗin shiga na baƙi ya fi na 'yan ƙasa, haka tsarin yake a wurare da yawa, kada ka tsaya musu da mai tikiti kana tara mana jama'a. Birai suna fizge leda daga hannu. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan ya fi cika, amma duwatsu suna santsi, matsattsaku kuma suna cikin ciyawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaranmu da igiya. An ɗaure igiya, an sa masu gadi da usur, sai ka ga yaro ya tsallaka don ya ɗauki hoto. Akwai madatsun ruwa a sama, irin su Peringalkuthu. Idan aka buɗe ƙofofinsu kogin yakan ƙaru ba tare da ka ga hadari ba. Mutanen Chalakudy ba su manta ambaliyar Agustan 2018 ba. Iya iyo a kududdufin unguwa ba shi ne iya wannan kogin ba. Kilomita biyar gaba akwai Vazhachal, inda ruwan ke gudu a kwance kan duwatsu, kuma nan an hana shiga ruwan kwata-kwata. Dajin wurin gidan manyan cilakowa ne da mutanen Kadar da suka daɗe a cikinsa. Hanyar da ta wuce zuwa Malakkappara tana ratsa dajin giwaye, ana rufe ta da dare. Idan giwa ta tare hanya, a kashe hayaniya a jira, ba a sauka.

Sai wuraren bauta, inda sababbin zuwa suke kasu biyu: masu kutsawa ko'ina kamar kasuwa, da masu tsayawa a bakin ƙofa suna tofa albarkacin bakinsu da Hausa suna zaton ba a gane raini a fuska. Duka biyun ba tarbiyyarmu ba ce. Haikalin Guruvayur, ƙasa da kilomita 30 daga birnin Thrissur, ba a barin wanda ba Hindu ba ya shiga, an rubuta a ƙofa. Haka Vadakkunnathan da ke kan tudu a tsakiyar birnin. Wannan ya ma sauƙaƙa mana. Ka zaga filin Thekkinkadu da ya kewaye shi, ka kalli ƙofofinsa da rufinsa da aikin katakon da ya sa UNESCO ta ba gyaransa lambar yabo a 2015. Idan wani ya miƙo maka abincin da aka yi wa addu'arsu, ka dafa ƙirji ka yi murmushi ka ce ka gode, suna fahimta. Kada ka ɗauki hoton mai ibada. A wannan filin ake bikin Pooram a watan Afrilu ko Mayu, wanda sarki Sakthan Thampuran ya tsara a ƙarshen ƙarni na 18: giwaye a jere da ado, laimomi kala-kala ana musanyawa, makaɗa ɗaruruwa, wasan wuta har asuba. Ranar farko da na gani sai da hawan daushe ya faɗo mini a rai. Amma cunkoson ba na wasa ba ne, kuma masauki a makon sai wanda ya kama tun da wuri.

Inda nake so kowane ɗanmu ya je shi ne Kodungallur, a bakin teku. Nan masallacin Cheraman yake, wanda mutanen wurin suke riƙe da cewa an gina shi a 629, tun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raye, kuma suna danganta shi da Malik bin Dinar. Akwai tsohuwar fitilar mai a ciki da har waɗanda ba Musulmi ba suke kawo mata mai. Musulmin Kerala yawanci Shafi'awa ne. Idan ka saki hannu a salla za a kalle ka, bayan sallama wani ya tambaye ka daga ina. Ranar da na ce Najeriya, wani dattijo ya riƙe hannuna ya kai ni shan shayi, bai tambaye ni takarda ba.

Yaran nan uku na makon jiya, wani ɗan'uwanmu da ke rakiyar mahaifiyarsa a wani asibiti a Kochi ne ya ɗauki mota cikin dare ya je ya kwaso su, bai taɓa ganinsu ba. Irin jama'ar da muke da ita ke nan, kuma ina alfahari da ita. Sai dai mutumin nan ya bar mara lafiya a gado ne ya fita. Na gaya wa yaran su je su gaishe da Hajiya su ba ta haƙuri, sannan ranar Litinin su karɓo fasfonsu daga ofishin makaranta.